Sandar Jan Ƙarfe a Wurin Alwala

Ƙaras! Abin da na jiyo ke nan daga ɗakin Inna, mahaifiyar maigidana, wata ranar Jumu'a muna cin abincin rana. Ƙara ce 'yar ƙarama, amma duk wanda ya tashi da shinkafar ƙasarmu ya san ta. Na ajiye cokali na ruga. Na tarar ta dafe kunci da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta buɗe shi tana kallo. A tafin akwai tsakuwa fara sol, daidai girman ƙwayar shinkafa, ga ɓallin haƙori kusa da ita.

"Sannu, Inna. Wallahi sau biyu na bi ta a faifai."

"Na gan ki kina tsinta," in ji ta, bakinta a karkace. "Wagga tsakuwa ko mai ido huɗu ba shi ganinta. Kawo min ruwan ɗumi da gishiri."

Wanda abin ya fi yi wa ciwo shi ne maigida, don shinkafar daga injinsa ta fito. Yana da injin casa a jikin gidanmu nan Bagudo, katanga ɗaya ta raba shi da tsakar gidana, akwai kuma 'yar ƙofa a jikin katangar da muke miƙa masa abinci ta nan. Shinkafar da ake kawo masa daga fadamun Kaoje a ƙasa ake shanya ta, wata a gefen hanya, saboda haka tsakuwa da baƙar ƙwaya ba su rabuwa da ita. 'Yan kasuwar da ke zuwa daga tsallaken iyaka sun daɗe suna yi masa ƙorafi yana shanyewa, amma haƙorin mahaifiyarsa bai shanyu ba. Ya taɓa ba ni labarin wani inji mai ido wanda ke tsince shinkafa ƙwaya-ƙwaya, na ɗauka labarin masu tafiya ne. Daga ranar nan ya shiga neman abokan sana'arsa, suka haɗa kai, kafin damina ta ƙare sai ga motar kaya ɗauke da injin ta shigo ta hanyar Illo, tayoyinta duk laka.

Tare da injin aka turo wanda zai haɗa shi. Mutumin Dendi ne daga can tsallake, dattijo mai furfura a gemu, gajere, ba shi da yawan magana. Hausarsa irin ta bakin iyaka ce, in kalma ta ɓace masa sai ya nuna da hannu. Injiniya muke ce masa. Ni ke kai musu shayi da safe, da rana kuma fura, sai in tsaya daga bakin 'yar ƙofar in ɗan jinkirta karɓar kwano, don abin da yake yi ya ɗauke min hankali.

Injin kansa dogo ne, ya kusa taɓa kwanon rufi. Amma Injiniya bai damu da tsawonsa ba kamar yadda ya damu da wani akwatin ƙarfe ruwan toka da ke manne a gefensa, wanda bai fi kwalin takalmi ba. Bayansa tsaga-tsaga ne kamar matsefi. Ya ce wannan ita ce kwamfutar, ita ke karɓar abin da idon ya gani ta yanke hukunci. Ni a sanina kwamfuta tana kan teburi ne da allo da madannai, kamar wadda muka taɓa gani ta taga a ofishin shugabar makarantarmu. Wannan ba ta da ko fanka. Ya ce da gangan aka rufe ta ruf, don ƙurar ɓuntu kar ta shiga, ta tsagogin nan na baya take fitar da zafinta.

Kafin ya taɓa kowace waya, sai ya je babban makunnin da ke kawo wuta daga layin gari ya sauke shi, ya sa masa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihunsa. Maigida ya yi dariya ranar farko.

"Injiniya, ɓarawon wuta kake tsoro?"

"Mai taimako nake tsoro, Alhaji. Wani shi shigo shi ga duhu, shi ce bari in kunna musu."

Ko da ya kulle, sai ya ɗauko mitarsa ya auna ya tabbatar babu wuta, sannan ya naɗe hannun riga. In zai buɗe akwatin kuwa, sai ya fara dafa jikin injin da tafinsa, ya ɗaura wani ɗan zare a wuyan hannu ya maƙala ƙarshensa a ƙarfe. Ya ce jikin mutum ma yana tara 'yar wuta, irin wadda ke ƙyasƙyas in ka cire rigar leda, wadda ba ta komai da mu amma tana iya kashe abin da ke cikin akwatin.

Wutar gari ba ta shiga akwatin kai tsaye. Ya ce ta yi masa yawa, ga ta da tsalle, yanzu ta hau yanzu ta sauka. Sai ta bi ta wani abu da ke daidaita ta, ta wuce wani da ke rage ta ta koma kamar ta batir, sannan ta bi ta ɗan fis, mai tsinkewa in ta yi yawa, ta shiga. Jar waya da gurbinta, baƙa da gurbinta. Ya duba su ya sake dubawa kafin ya ɗaure, ya ce in aka juya su sau ɗaya an gama. Duk wayar da ya ɗaure sai ya ɗan fizge ta ya ji ko ta kama. Manyan wayoyin da ke kai wuta ga motar da ke juya injin ya bi da su ta gefe ɗaya, siraran da ke ɗauko saƙo daga idon ya bi da su ta ɗaya gefen. Na kasa haƙuri na tambaye shi dalili.

"Uwargida, in kina raɗa wa ɗiyarki magana, kusa da injin casa kike tsayawa?"

Na ce a'a.

"To siraran nan raɗa suke yi."

Akwai wata waya da ta bambanta da sauran, kore da ratsin rawaya, mai kauri. Ya ɗaura ta a wani noti a jikin akwatin, ya ja ta zuwa jikin injin, ya haɗa da kowane ƙarfe da hannu zai iya kai wa. Kusa da notin an buga wata alama: layi a tsaye, ƙarƙashinsa gajerun layuka a kwance, kowane ya fi na samansa ƙanƙanta. Na san alamar. Na zana ta a aji huɗu na sakandare, malaminmu na kimiyya ya ce mu haddace, ma'anarta ƙasa. Na haddace na ci jarrabawa na yi aure, ban taɓa zaton zan gamu da ita a jikin katangar gidana ba. Injiniya yana kiran wayar da wani suna na Faransanci, mu kuwa muka sa mata wayar ƙasa.

A kan wannan wayar suka saɓa da maigida. Hutun ranar samun 'yancin kai ya matso, ya riga ya gaya wa abokan haɗakarsa da 'yan kasuwa cewa ranar za a kunna, tun da kowa na gida. Komai ya haɗu, saura wayar ƙasa da ke naɗe a gefe ba ta je ko'ina ba.

"Mu gwada shi yau mu gani mana," in ji maigida. "Wagga ɗaya a ƙarasa ta daga baya."

"Ba ni kunna shi sai ya taka ƙasa."

"Yo a sama yake zaune?"

"Bisa siminti yake, Alhaji. Wuta in ta ɓace hanya gida take nema, gidanta kuwa ƙasa. In ba ka yi mata hanya ba, ta bi ta jikin wanda ya dafa."

Yana faɗin haka autata tana tsaye a gefena riƙe da zanena. Shekarunta ba su wuce biyar ba a lokacin, kuma ba ta da aikin da take so kamar ɗaukar kwanon furar babanta ta kai masa har inda yake, ƙafa ba takalmi. Duk wanda na saya mata sai ta cire ta bar shi a ƙofar ɗaki. Na dubi ƙafafunta, na dubi injin. Maigida ma ya gani, ya ce a ƙarasa wayar tukuna.

Injiniya ya fito da wata sandar jan ƙarfe wadda ta fi shi tsawo. Ya zaga wurin injin, gaba duk siminti, gefe kuma tsandauri ne busasshe. Ya ce ƙasa mai laima yake so, wadda ba ta bushewa ko da rani. Maigida ya shigo ya ce mu kimtsa, ya koma ya shigo da shi yana gafara dai, gafara dai. Injiniya ya tsaya a tsakar gida kansa a sunkuye, ya tambaye ni inda ruwa ya fi zama. Ban yi dogon tunani ba na nuna masa wurin alwalarmu. Dutse ne shimfiɗaɗɗe a gindin katanga, nan ni da Inna da yara muke tsugunawa da buta, ruwan ya gangara ya taru a wani ɗan kwari inda na'ana'a ta fito da kanta. Ya je ya tsoma yatsa a ƙasar wurin, ya ɗago yana murmushi.

"Gidan da ake salla," ya ce. "Nan ne."

Suka haƙa rami a ƙarshen kwarin, nesa da dutsen da kamar taku biyu. Ya ce in kawo gawayi da gishiri. Na kwaso gawayin da nake gashi da shi, na juye masa gishirin da ke cikin tulu. Ya kafa sandar yana bugu da guduma har ta kusa nutsewa, ya zuba gawayi, ya barbaɗa gishiri, ya tura ƙasa, ya sake zubawa.

"Saura daddawa da barkono," in ji maigida. "Uwargida, ɗauko, miya ake yi wa ƙasa."

Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, kumburin kuncinta ya sace, tana kallon komai. Sai ta ce ai ta san wannan. Shekarar da aka ba mu mulkin kai tana yarinya a Illo, akwai wani attajiri mai akwatin rediyo, guda ɗaya a unguwarsu. Waya ɗaya ta hau bisa itace, ɗaya kuma an ɗaura ta a ƙusa an kafa a ƙasa. In muryar ta dushe, sai a aiki yaro ya zuba wa ƙusar ruwa, murya ta dawo tangaran. A bakin wannan akwatin aka taru aka ji cewa Turawa sun miƙa ƙasa.

"Mu muna cewa aljanin ciki ne ke jin ƙishirwa," ta ce. "Ashe har yau bai ƙoshi ba."

Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa wani abu ne ke damuna. An koya mana ruwa da wuta ba su haɗuwa, ga shi za a kawo waya inda muke wanke fuska. Na tambaye shi. Ya ce in komai lafiya wayar nan ba ta ɗauke da komai, a kwance kawai take tana jira, kamar magudanar ruwa da rani. Sai ranar da wuta ta ɓalle za ta bi ta nan ta nutse, a lokacin kuma wani baƙin makunni da ya sa a can ciki zai ji ya faɗi da kansa ya yanke komai. Ya ce dai in ana tsawa kar kowa ya tsaya kusa da sandar. Sannan ya juyo ya fuskance ni sosai, abin da bai taɓa yi ba.

"Uwargida, ke ke gida kullum. In wata rana wani ya ce injin ya cije shi, ko kaɗan ne kamar cizon tururuwa, a kashe daga babban makunni. Kar a ce bari a gama. A kashe, a dubi wagga waya, a kira ni."

Ya huda katanga ya zaro wayar, ya matse ta a kan sandar da wani ɗan ƙarfe mai noti, ya auna da mitarsa ya gyaɗa kai. Kan sandar ya rage a waje kamar tsawon tafin hannu. Ya so ya gina mata ɗan akwatin siminti, siminti ya ƙare, sai ya ce in ya dawo dubawa zai gina. Kafin nan na ɗauko wata tsohuwar tukunyar ƙasa mai tsaga na kife a kai.

Ranar hutun, tun da hantsi ana jiyo gangar 'yan firamare daga filin makaranta. Auta ta samo 'yar tuta ta takarda, kore da fari, a wurin yayyenta. Maza suka cika wurin injin, mu mata muka tsaya a bakin 'yar ƙofa, Inna a gaba. Injiniya ya ciro makulli daga aljihu ya buɗe kwaɗon, ya yi bisimilla ya ɗaga makunni. Wata 'yar fitila koriya ta kama a jikin akwatin. Aka juye buhu daga sama.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na gani ba. Shinkafar ta gangaro ta wasu kwaroro kamar ruwan indararo, ta ratsa wani haske fari, da gudun da idona bai iya raba ƙwaya da ƙwaya. Sai wata ƙara, tsit, tsit-tsit, tsit, kamar ana tsaki da sauri. Injiniya ya ce iska ce. Duk ƙwayar da idon ya ga ba ta yi ba, akwatin zai ba da umarni a hure ta ita kaɗai, tana cikin faɗuwa, 'yan uwanta su wuce. Mafita biyu ce a ƙasa. Maigida ya tari ta farko a ƙwarya ya kawo wa mahaifiyarsa. Inna ta tsoma hannu ta baza, ta kai kusa da ido, ta sake bazawa. Fara tas. Ya kawo mata ta biyun. Baƙar ƙwaya ce da ja, da guntun ɓuntu, a cikinsu kuma ga 'yan tsakuwoyi farare, irin wadda ta karya mata haƙori sak.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," in ji Inna. Ta daɗe tana jujjuya ɗaya a yatsunta.

Na tuna yammacin da na ƙarar a kan faifai tun ina budurwa, wuya ya ƙage, ido ya yi ja. Ga wani abu kamar kwalin takalmi, ba ya numfashi, yana ganin kowace ƙwaya yana yi mata hukunci kafin ta kai ƙasa. Na ce a raina, ɗan Adam ne ya ƙera wannan da ɗan ilimin da aka sam masa. To ina ga Wanda ya ƙagi idon da ke kallon injin? Da na zo sallar azahar na daɗe a sujada.

Aka shiga aiki ba dare ba rana na wasu makonni, Injiniya ya koma tsallake. Sai Kawu ya zo, ƙanen Inna, makiyayi ne a rugar da ke bayan Lafagu. Ya zo duba 'yar uwarsa, ya kuma kawo mata rago ta yi kiwo. Ranar da ya iso ina gidan gaisuwa a maƙwabta. Da na dawo na tarar da ragon a ɗaure a gindin darbejiya, babba ne mai ƙaho, yana ta fizgar igiya. Kawu yana kan tabarma yana tsokanar Auta, wai ya zo ɗaukar amaryarsa, ita kuma tana cewa ba ta son mai warin nono. Ya ce zai zauna har ranar kasuwa. Tukunyata tana kife inda na bar ta.

Daga wannan makon injin ya fara wasu halaye. Yana cikin aiki sai fitilar akwatin ta ɗauke ta dawo, ko ya riƙa hure shinkafa mai kyau. Maigida ya shiga gunaguni cewa an sayar musu da abin da ba ya ƙarko. Wani abokinsa ya ce baki ne, a nemo rubutu a yayyafa. Ma'aikacinsa kuma, na ji daga baya, ya ce yakan ji ɗan tsiƙari in ya dafa ƙarfen da safe, amma da silifas a ƙafarsa, sai suka mai da abin wasa. Ba wanda ya shigo da maganar cikin gida.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, na dama fura na ba Auta ta kai. An yi yayyafi da asuba, irin na bankwana, ƙasa da danshi. Ba ta daɗe ba sai ga ta ta dawo ta cusa hannun dama a hammata. Ba kuka take ba, fuskarta ce kawai ta sake.

"Mama, akwatin Baba ya cije ni."

Na kama hannun na duba, babu ko ja. Ta ce tana son dafa shi ne don yana da ɗumi. Na dubi ƙafarta, laka har idon sawu. Kalmar nan da ta faɗa ita ce kalmar Injiniya, ita ma ba ta san ta ji ta ba. Na saɓe ta, na ja mayafi, na nufi 'yar ƙofa. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa ƙetare ƙofar nan da maza a ciki ba. Ranar na ƙetare. Buhuna sun kai rufi, 'yan kasuwa na zaune a kan wasu, injin na ta tsaki. Sai da na ɗaga murya kafin maigida ya ji ni.

"Alhaji, kashe shi."

"Mi ya faru? Koma ciki, ina zuwa."

"Ya ciji yarinya. Kashe shi daga babban makunni."

"Ɗan tsiƙarin nan ne, raɓa ce ke sa shi. Bari mu gama waɗanga buhuna, mutane na jira."

"Injiniya ya ce kar a ce bari a gama. Ni ba ni gusawa nan sai ka kashe."

Na san duk mazan nan sun ji. Ya dube ni, ya dubi Auta da ke saɓe a kafaɗata hannunta har yanzu a hammata. Ya taka ya sauke makunnin. Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan ragon daga cikin gida.

Na koma tsakar gida kai tsaye wurin alwala, maigida na biye da ni. Na ɗaga tukunyar. Sandar ta ɗan karkace. Wayar ƙasa tana kwance a gefe cikin laka, ta zame daga maƙalinta, bakinta a barbaje. A wuyan sandar akwai zaren igiya, ga kashin rago a warwatse cikin na'ana'a.

Kawu ya taso da sandarsa ya leƙo.

"Af, turken nan? Ni na ɗaure rago nan ranar da na zo. Turke mai kyau haka, na jan ƙarfe, ku kife shi da tukunya kamar abin kunya! Adda ce ta ce wurin da laima, ragon zai yi mura, na mai da shi gindin itace. Har na mayar muku da tukunyarku."

Inna, wadda yake kira Adda, ta tafa hannu tana salati. Ita ta ga ragon a wurin, amma ba ta lura da abin da aka ɗaure shi a kai ba. Maigida ya kwantar da murya, don ba a yi wa kawu faɗa. Da aka bayyana masa, Kawu ya cire malfa ya riƙe, ya ce shi duk ƙarfen da ya gani a kafe a tsakar gida, a saninsa dabba yake jira.

Maigida ya so ya mayar da wayar da kansa a ci gaba da aiki. Na ce ya fara kira tukuna. Ina jin muryar Injiniya ta cikin wayar hannu, yana cewa kar a mayar, kar a kunna, a sa kwaɗo. Zamewar wayar ita kaɗai ba ta gamsar da shi ba, yana son ya san abin da ke cizon. 'Yan kasuwa wasu suka kwashe buhunansu suka tafi wani injin, wasu suka yi ta mita. Maigida ya wuni yana ɗaure min fuska, furar ma ba a sha ba.

Washegari Injiniya ya iso a kan babur, wandonsa a jiƙe don sai da aka tsallako da shi a kwalekwale. Ya miƙe sandar, ya kankare bakin wayar har ya yi ƙyalli, ya matse, ya auna. Ya ce kowa ya ja baya. Ya ɗaga babban makunni.

Ƙas! Baƙin makunnin nan ya faɗi da kansa, ko fitilar akwatin ba ta kai ga kamawa ba.

"To, ka ƙarasa shi ke nan," in ji maigida. "Jiya ai yana tashi."

"Alhamdu lillahi," in ji Injiniya. "Jiya ba shi da bakin faɗa ne. Yanzu ya faɗa."

Ya sake kullewa, ya sa makulli a aljihu, ya kwanta a ƙasa ya shiga bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya da tocila. Can a bayan injin, inda garin shinkafa ya taru ya sha laima ya dunƙule, ya tsaya. Ya yanko wani guntu ya kawo mana a tafin hannu. Ɓera ne ya gaigaye rigar wata babbar waya, jan ƙarfen ya fito tsirara, gefensa ya yi baƙi. Ya ce tsakaninta da jikin injin bai fi kaurin farce ba, jiƙaƙƙen garin ne ke ɗan tsallakar da wutar, shi ne cizon, shi ne kuma ke rikita kwamfutar. Da wayar ƙasa na nan, da tun ranar farko makunnin ya faɗi an gano.

"Injin kuwa girgiza yake kullum," ya ce. "Yau ko gobe sai ta manne gaba ɗaya. In ta manne, wani ya dafa da ƙafa a ƙasa..."

Ya dubi ƙafafun Auta. Maigida ya zauna a kan buhu, ya jawo ta ya ɗora a cinya, ya riƙe hannun nan nata na dama yana ta kallo. Ni na juya na shige ɗaki, na fuskanci alƙibla na faɗi na yi sujadar godiya. Abin da ya fi girgiza ni shi ne ƙanƙantar abubuwan. Haƙorin ɓera, igiyar rago, da waya ɗaya wadda ba a ganin tana aikin komai. Ta nan rayuwar ɗiyata ta ratsa ta wuce, ni ina dama fura.

Injiniya ya canza wayar ya sa ta cikin bututun ƙarfe, ya sa aka share bayan injin. Da ya kunna, makunni ya zauna, fitila ta kama, tsakin ya dawo daidai. Ya auna jikin akwatin, sannan ya cire takalmi ya dafa shi da tafinsa a gabanmu. Wannan karon maigida da kansa ya je ya samo siminti, aka gina wa sandar akwatinta da murfi, aka bar 'yar kafa ta gefe inda ruwa zai riƙa shiga. Kawu ya sassaƙa turken itace ya kafa a gindin darbejiya, kafin ya tafi kuma ya sayo wa amaryarsa takalmin roba a kasuwa, ya ce in ta cire ya fasa auren. Ta ce ai dama ba ta so, amma ta sa. Maigida ya kafa doka, abinci a bakin ƙofa yake tsayawa, yaro ba ya shiga. Da yamma ya leƙo ya ce in dama masa wata furar, ta jiya ta yi tsami.

Da la'asar ɗin ranar na tsuguna a kan dutse ina alwala, Auta na gefena da 'yar butarta tana kwaikwayona, sabon takalmi a ƙafa. Ta katanga ana jiyo injin. Na gama, ruwa ya ɗan rage a buta, na ɗaga zan watsa wa kaji kamar yadda na saba. Sai ta riƙe min hannu, ta nuna 'yar kafar da ke jikin sabon simintin.

"Mama, kar ki ba kaji. Zuba nan ƙasa ta sha, don akwatin Baba kar shi ƙara cizon kowa."